Mardiyya da Konkur na Biyu

Shafi na 19

Masu aiko mani saƙo kuna cewa na bar Mardiyya cikin ɗaki ba ci ba sha, ku yi mani afuwa. Tun ruwan nan mai iska rezon waya ya ɗauke mana, sai yau da na hau tudu na samu. Ga ta nan na fito maku da ita.

* * *

Da Mardiyya ta fito da safe ta ga babbar rigar babanta a kan igiya, ta tsaya cak.

Shuɗiyar riga ce da ba ta barin akwati sai ranar Salla ko ɗaurin aure. Yau ba Salla ba ce, kuma ba wanda ke aure a Tama. Innarta Kaltume na tsaye tana kakkaɓe ta. A gindin bango ga buhun albasa an ɗinke bakinsa, manyan nan da aka ware tun rani aka ce ba na kasuwa ba ne.

Mardiyya ta dubi rigar, ta dubi innar.

Kaltume ta saba karanta tambayar autarta a fuska kafin ta iso baki, domin Mardiyya na da in'ina tun tana ƙarama. Ta rage murya ta ce Malam zai tafi Tahoua gobe.

"Wurin Abdoulkadir," ta ƙara, ba tare da ta dube ta ba.

Butar da ke hannun Mardiyya ta kusa suɓucewa.

Abdoulkadir ƙanen babanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, babban ma'aikaci a Tahoua. Tun Mardiyya ba ta yi wayo ba ya sayar wa wani baƙo rabonsa na garka, wato lambunsu na gado, har da rijiyar da mahaifinsu ya haƙa da hannunsa, bai shawarci kowa ba. Ranar da baƙon ya zo ya kafa shinge, Malam Ɗangana ya ce ƙafarsa ba za ta taka gidan ƙanen nan ba. Bai rantse ba, bai ɗaga murya ba. Amma shekaru sun shuɗe, an yi suna an yi biki a gidan Abdoulkadir, Ɗangana bai je ba.

Yanzu zai je, da babbar riga da buhun albasa. Saboda ita.

Bana Mardiyya ta ci bak, jarrabawar ƙare sakandare. Da sakamako ya fito ta tafi Tahoua ta zauna konkur na farko, wato jarrabawar neman shiga wata makarantar koyon aikin ungozoma. Jarrabawar rubutu ta haye ta lafiya. Saura ta baka, wadda ake ce wa oral, inda mutum ke zama gaban juri su yi masa tambayoyi. A nan aka bar ta. Ta dawo gida ta ce ba a ɗauke ta ba, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Sauran labarin babanta ne ya cike shi da kansa. Ya ce an ba ƴaƴan masu hannu da shuni wurin ɗiyarsa, don su ba su da kowa a sama. Ya faɗa a ƙofar masallaci, ya faɗa a kasuwa, ya faɗa wa duk wanda ya tsaya gaishe shi. In'inar ko kusa ba ta faɗo masa a rai ba. A gidansu kowa na jiran Mardiyya ta ƙarasa maganarta, har sun manta abin na iya zama cikas a wani wuri.

Da makarantar ta sanar da konkur na biyu don cike guraben da suka rage, Mardiyya ta ce ba za ta koma ba. Shi kuwa ya ɗauka rashin gata ne ya karya mata zuciya. Shi ya sa zai je ya nemo mata gata.

Ta aje butar, ta ja mayafi, ta fita.

* * *

Ta same shi a garka, can ƙasan fadama, a tsugunne yana gyara fangalin da zai zuba irin albasa.

"Auta? Mi ya hiddo ki tun da sahe?"

Ta buɗe baki, maganar ta tsaya. Ya aje fartanya ya jira.

"Ba... Baba. Kada ka tahi."

Ya yi murmushi, ya ce innarta ba ta iya riƙe magana ko ta wuni ɗaya. Ya ce ta kwantar da hankalinta, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Abdoulkadir ya san manya, kalma ɗaya tasa ta isa a duba lamarin ɗiyar ɗan'uwansa. In ya shanya shi a zaure, zai zauna. In ya tuna masa maganar da ya yi ranar shinge, zai haɗiye.

"Girmana bai hi karatunki ba."

"Ba a cu... cuce ni ba."

"Na'am?"

"Ba wanda ya cuce ni, Baba. Ni na hita."

Ya dube ta. Sannan ya ja jiki ya zauna a bakin fangalin, ya nuna mata ƙasa kusa da shi. Ta zauna, ta ba shi labarin da ta ɓoye duk damina, guntu-guntu, tana tsayawa tana shan iska.

Ɗaki ne mai dogon tebur, mutum uku a bayansa. Ta tsakiya mace ce mai tabarau. Ta gaishe ta da fara'a, ta ce ta zauna, ta faɗi sunanta. Tambayar ke nan gaba ɗaya. Sunanta.

Leɓɓanta suka haɗu a kan harafin farko suka ƙi rabuwa. Ta tura, ta sake turawa. Tana jin sunan a maƙogwaro, tana jin zufa na bin bayanta, fanka na juyawa a sama. Mutumin da ke dama ya dubi agogon hannunsa. Bai yi tsaki ba, bai ce komai ba, dubawa kawai ya yi. Matar kuwa ta ce kada ta damu, ta bi a hankali, suna jiranta.

"Da za... zagina ta yi, da ya hi mani sauƙi."

Sai ta miƙe ta fita. Ta ji matar na kiranta. Ta ji mai gadi na cewa madamazel ki dawo. Ba ta tsaya ba sai a tasha.

Ɗangana ya ɗauki ɗan dunƙulen ƙasa yana murzawa.

"Ba wanda ya yi maki dariya?"

"Babu."

"Ba su kore ki ba."

"A'a."

"Har kiranki sunka yi."

Ta gyaɗa kai.

Ya daɗe yana kallon ƙasar da ke zuba daga yatsunsa. Mardiyya ta shirya wa faɗa, ta ma fi son ya yi faɗan. Sai ya ce a hankali, kamar da kansa yake, ashe ya ɗauki alhakin bayin Allah uku da bai taɓa gani ba, ya bi gari yana kiransu azzalumai. Ya ce ranar Juma'a dole ya tsaya inda ya tsaya ya faɗa, ya janye.

Nan kukan ya ƙwace mata.

Ta ce ita ta jawo masa. Ta ce kunya ce ta rufe mata baki. Duk Tama an san ɗiyar Ɗangana ta ci bak, ta yaya za ta dawo ta ce sunanta ne ya kayar da ita? Kullum ta kan yi niyyar faɗa masa, sai ta jiyo shi a ƙofar gida yana kare ta gaban mutane, maganar ta ƙara yi mata nisa.

Bai hana ta kukan ba. Sai da ta lafa ya yi magana.

"Janye magana ba ya kashe mutum, Auta. Abin da ya yi mani ciwo, damina guda kina cin wanga abu ke kaɗai, muna tsakar gida guda, ban sani ba."

Ya goge hannu a jikin wando.

"Yanzu hwaɗa mani. Aikin nan, kina son shi har yau?"

Ta gyaɗa kai.

"Ba da kai ba. Da baki."

Ta ja numfashi. Ya jira.

"Ina so."

"To za ki koma."

* * *

Da suka dawo gida ya ce wa Kaltume ta mayar da riga akwati, tafiya ta fasu. Kaltume ta dubi idanun ɗiyarta, ba ta yi tambaya ba sai da suka shiga madafa. Da ta ji labarin ba ta yi faɗa ba ita ma. Ta ce ranar da Mardiyya ta dawo daga Tahoua ta ga takalminta ɗaya ya tsinke, ta san gudu aka yi da shi, amma ta ga ba a son tambaya.

Ta kuma gaya mata wani abu da ya tsaya mata a rai. Da Malam ke kwance bakin buhun albasar, ta ga ya daɗe a tsugunne a kansa. Ita a ganinta ba don Mardiyya kaɗai ya so tafiyar ba. Mutum kan yi kewar ɗan'uwansa ya rasa ta inda zai bi.

Ranar Juma'a Ɗangana ya cika maganarsa. Bai ba da labarin ɗiyarsa ba. Ya ce kawai ya gano ba a zalunce su ba, abin da ya faɗa a kan mutanen Tahoua ya janye, Allah ya yafe masa. Wasu suka yi ta ƙus-ƙus. Ya sa takalmansa ya taho gida.

Mardiyya ta sake haɗa takardun neman shiga, ta je Bouza aka buga masu hatimi, aka aika.

Dabarar kafa juri a gida kuwa ta Ɗangana ce.

Bayan la'asar ya sa aka fito da benci ƙarƙashin bishiyar tsakar gida, aka kifa turmi a gabansa a matsayin tebur. Ya kira Manu, amininsa Bafillace da ke noma a gefen gari, wanda shanun gidan ke hannunsa tun ba a haifi Mardiyya ba. Kaltume ce Madam, aka sa ta tsakiya, ta aro tabaraun maƙwabciya da ke sa ta ganin kowa biyu-biyu. Manu a hagu. Ɗangana a dama, ya ɗaura wani tsohon agogo da ya daina tafiya tuntuni.

"Ni ne mai agogo," ya ce.

Doka ɗaya ya kafa. Ta tsaya a kan kalma har magariba in ta ga dama, amma ba ta tashi daga kujera.

Kaltume ta gyara tabarau ta yi gyaran murya.

"Bonzur, madamazel. Sunanki?"

Mardiyya ta yi dariya har da hawaye. Rabon da a ji dariyarta a gidan tun kafin shuka ta yi kai. Amma da ta zo faɗin sunan sai dariyar ta ɗauke. Leɓɓa suka kulle. Babanta ya ɗaga hannu ya dubi mataccen agogonsa, ya daɗe yana dubawa, har da ɗaure fuska.

Ta san wasa ne. Ta san agogon ba ya tafiya. Duk da haka ƙirjinta ya buga irin na Tahoua, ba ta san lokacin da ta tashi ta faɗa ɗaki ba.

Kaltume ta yunƙura za ta bi ta, Ɗangana ya riƙe gefen mayafinta. Suka zauna su uku suna kallon kujerar da ba kowa. Da aka jima Manu ya ce shanunsa na jiran tatsa. Ɗangana ya ce su ma su koyi jira. Sannan ya ɗaga murya kaɗan, yadda za a ji daga ɗaki.

"Juri na nan zaune. Ba inda za mu."

Sai da inuwa ta hau bango labule ya motsa. Ta fito ta zauna.

Haka suka riƙa yi kowace la'asar. Wata rana sunan ya fito, wata rana ya ƙi. Akwai ranar da ta zauna tana hawaye, baki a kulle, har kaji suka fara shiga akurki, amma ba ta tashi ba. Ɗangana ya ce duk a cikin ranakun ba wadda ta yi masa daɗi kamar wannan.

Manu ne ya ce shi a ganinsa dambe take yi da harafin. Ta daina tura shi, ta jingina da shi, ta bar shi ya yi gunji a hanci har ya gaji ya buɗe da kansa.

"Saniya ma da mmm take hwarawa," ya ce, "kuma ban taɓa jin wanda ya ce mata ta yi sauri ba."

Kaltume ta ce ɗiyarta ba saniya ba ce. Amma Mardiyya ta gwada. Sunan ya zo da jan baki, a hankali, amma ya zo.

Ita kuma da kanta ta yanke cewa in ta shiga ɗakin nan, kafin a tambaye ta komai za ta gaya masu da Faransanci tana da in'ina, su ba ta lokaci. Ta lura in ta riga ta faɗi abin da take tsoron a gani, rabin tsoron kan tafi.

Ana gab da tafiya, wata la'asar Kaltume ta ƙare tambayoyinta, Ɗangana ya gaji da ɗaga hannu. Manu da bai cika tambaya ba ya tura malfarsa baya.

"Ni tawa guda ce. Aikin da ba a magana ya cika duniya. Ga ɗinki, ga aikin biro. Don mi sai wanga, inda mace ke ihu ke kuma baki na riƙe ki?"

Kaltume ta harare shi ta saman tabarau. Ɗangana ya gyara zama, shi ma yana son ji.

Mardiyya ta sunkuyar da kai.

"Bappa, ka tuna haihuwar Ja... Jaratu?"

Jaratu ɗiyar Manu ce, ƙawar Mardiyya tun suna bin awaki tare. Bara aka kawo ta asibitin gari da naƙudar fari. Mata sun yi yawa ranar, ungozoma ɗaya ce, tana shiga nan tana fita can. Mardiyya ta je kai ruwan zafi, ta tarar da Jaratu a gefen gado tana son faɗin wani abu. Ciwo ya kwashe mata Hausa, Fillancin ma guntu-guntu yake fita. Duk matar da ta leƙo sai ta ce sannu, yi haƙuri, haka haihuwa take, ta wuce.

Mardiyya ta zauna ta riƙe hannunta. Ba ta ce sannu ba. Ta jira. Da aka daɗe maganar ta haɗu. Ba naƙudar Jaratu ke faɗi ba. Idanunta ne ke rufewa, kanta kamar zai tsage.

Ta ruga wurin ungozoma, baki ya riƙe, sai ta kamo hannunta ta jawo ta. Aka auna, jini ya hau sosai. Aka yi mata allura nan take, aka wuce da ita Bouza. Yau ga Jaratu ga ɗiyarta tana rarrafe.

"Na san yadda mutum ke ji in magana na cikinsa ta ƙi hita, kowa na wucewa," in ji Mardiyya, tana tsayawa tana ci gaba. "Ba ni da saurin baki, Bappa. Amma na iya jira. Ku kunka koya mani."

Manu ya jawo malfa ya rufe fuska. An gaya masa sa'a aka yi ranar, ba a gaya masa wa ya zauna ba. Sannan ya sa mata albarka da Fillanci, ya maimaita da Hausa. Kaltume ta cire tabarau ta ce su ne ke sa ta hawaye. Ɗangana ya kwance agogon ya aje a kan turmi.

"In sun tambaye ki, haka za ki hwaɗa masu. Ko da zai kai ku azahar."

* * *

Babanta ne ya ce zai raka ta. Za su shiga motar safe zuwa Madaoua, daga can su kama babbar motar Tahoua da rana, su sauka gidan wani mutumin Tama da ke sayar da albasa a can. Washegari da safe oral.

Kaltume ta cusa mata ƙuli-ƙuli da dabino a jaka. Manu ya zo tasha da cuku a naɗe cikin tsumma, ya ce Jaratu ce ta aiko. Innar ba ta yi doguwar addu'a ba. Ta gyara wa ɗiyarta mayafi, ta ce in ta ga Madam ta gaskiya ta gaishe ta, ta ce mata wata ta riƙe mata kujera a Tama.

A garin ko yayyafi ba a yi ba. Amma ba su yi nisa ba suka tarar da motoci a tsaye, mutane sun sauka. Ruwa ya zuba a kan duwatsu can wajen Bouza, ƙorama ta kawo. Ja wur, ta yanke hanya, tana tafe da karan gero da rassan itace.

Direba ya je ya duba ya dawo, ya ce shi ba zai sa motarsa a ciki ba, ko gobe ma sai ya gani. A ƙetare ana hango motocin da suka zo daga Madaoua suna juyawa, suna kwasar waɗanda suka haye da ƙafa. Maza na tsallakawa da kaya a ka. Ruwan na kai masu ƙugu, a tsakiya ya ɗan wuce.

Mardiyya ta ji wani abu mai kama da sauƙi ya ratsa ta, ta kuma ji kunyar jin sa. Ga dalili ya zo da kansa, wanda ba mai zarginta a kai.

"Baba, wataƙila ba... ba rabo."

Ya kafa kara a bakin ruwa ya tsuguna yana kallo. Ya tambayi waɗanda suka hayo yadda ƙasan take, suka ce yashi ne, sai dai tsakiya akwai ja. Da ya ga ruwan ya sauka daga jikin karan, ya miƙe ya naɗe wando har cinya. Ya karɓi takardunta, da katin shiga ɗakin jarrabawa, ya ƙulle su a leda, ya tura cikin jaka, ya ɗora mata jakar a ka.

Ya auna ta da ido. Mardiyya gajera ce. Ruwan da ya kai wa maza ƙugu ita ƙirji zai kai mata, kuma ba ta taɓa shiga wanda ya wuce gwiwa ba.

Ya juya mata baya ya durƙusa.

"Hau."

"Baba, mu... mutane."

"Mutane na ta kansu."

Ta ce ta girma. Ta ce bayansa na ciwo, tana gani innarta na shafa masa mai. Ta ce su koma gida, in da rai akwai baɗi.

Bai juyo ba. Ya ce lokacin da take jinjira innarta ta kwanta ciwo rani guda, shi ya riƙa goya ta da zane yana ban ruwa a garka, har ƴan kasuwa suka sa masa suna Ɗangana mai goyo. In ya sunkuya jan guga sai ta kama kunnensa ta riƙe. Bai ji kunya ba a lokacin, ba yau zai fara ba.

"Kin ƙara nauyi, shi ke nan bambancin. Hau, mota ba ta jiranmu."

Ta hau. Hannu ɗaya na dafe da jaka a ka, ɗaya a wuyansa. Ya yi bismilla ya miƙe, ta ji gwiwoyinsa sun yi ƙara. Wata tsohuwa da ke zaune a kan ƙullin kayanta ta ce Allah ya ba ɗiya ikon rama wa uba.

Ya shiga.

Ruwan ya kai masa gwiwa, ya kai cinya. Jan ƙafa yake a yashi, ba ya ɗagawa. Tana jin numfashinsa a ƙirjinta. Tana ganin furfurar bayan kunnensa, ba ta taɓa lura ta yi yawa haka ba.

"Kada ki dubi ruwa, shina juya kai. Dubi motocin can."

Ta dubi motocin.

Sanyi ya taɓa tafin ƙafarta, ya hau ƙwaurinta. Sun kai tsakiya. Ya tsaya ya gyara tsayuwa, ya ɗan cilla ta sama kamar yadda ake yi wa goyo, ya ce saura kaɗan.

Sai ta ga mutanen ƙetare sun daina loda kaya. Ɗaya ya haye kan mota. Suka fara ɗaga hannuwa suna ihu, kuma ba su suke kallo ba. Can sama suke nunawa, inda ƙoramar ke karyo kwana daga bayan dutse.

Wata ƙara na tahowa daga wajen, ƙasa-ƙasa, kamar garke ya taso a guje.

Ɗangana ya ji. Hannuwansa suka ƙara damƙe ƙafafunta.

"Saki jakar, Auta," ya ce. "Riƙe ni da hannu biyu."